Gas ko gawayi, kafin ƙarshen wata

Anti Zaharah, ki taimake ni, kaina ya kulle. Shekara tara ke nan rabona da Sampang, garinmu a tsibirin Madura. Tsire nake gasawa a gindin wani dogon bene a Johor, ƙasar da na zo ci-rani, kan siririn murhun ƙarfe irin namu, da gawayin ɓawon kwakwa da maficin gora. Yanzu murhun ya ɓule, kafaɗata ma ta gaji da fifita. Ina cikin wannan, kwamitin unguwa ya aiko: ko in koma gas kafin ƙarshen wata, ko in bar wurin.

Ba na ganin laifinsu. Matar hawa na biyu ta sauko min da kayan makarantar 'ya'yanta, duk warin hayaƙin tsiren akuyata suke. Da ni ne ma sai na kai ƙara. Amma fa su ɗin ne ke zuwa saye, har da neman ƙarin miyar gyaɗa.

Na ari murhun gas na gwada. Tsoho Hamdan, direban tasin da bai taɓa cin ƙasa da tsinke ashirin ba, ya ci uku, ya biya, ya tafi bai ce uffan ba. Wallahi gara ya zage ni. In na koma gas, masu saye su gudu. In na ƙi, a kore ni, kuma ban san inda zan dosa ba. Abin da na iya tarawa ringgit dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, kuɗin ƙasar nan.

Mai tsire, Johor

Ɗan'uwa, da kai da maƙwabtanka duk kuna da gaskiya. Sai dai hayaƙi ne ya dame su, ba gawayi ba. Gas ɗin dabarar da ta fara zo musu ce kawai. Yana da tsafta, yana hutar da kafaɗa, amma shirun Hamdan ma amsa ce.

Yawancin hayaƙin daga hura wuta da ɗigar kitse yake. Je wurin mai walda ya zana maka siririn murhu mai kauri, da rumfar kwano a samansa da dogon bututun da zai kai hayaƙi wajen titi. Ƙaramar fanka ta karɓi aikin mafici. Rage man da kake shafawa.

Kada ka biya ko sisi sai ka kai wa kwamiti zanen. Roƙi mako biyu na gwaji, ka ce matar hawa na biyu ce alƙali. In ta ce har yanzu da wari, ka haƙura ka sayi gas, ka sake koyon hannu a kansa. Ɗanɗano kana iya gyara shi a hankali, amma bakin titin da ka saki, washegari wani zai kafa tebur.

Allah ya sassauta maka, ya mayar da kai gida lafiya.

Anti Zaharah