Tsuntsun da Ban Nuna wa Hamadu Ba

Daren Laraba, Garwa.

Yau ƙanena Hamadu ya yi bayani a rediyo da Faransanci, wai bincikensa ya gano shuɗayen tsuntsayen tafkin Lagdo iri biyu ne, ba ɗaya ba. Ni fa na nuna masa, ina tuƙa kwalekwale yana rubutu. Ɗaya a ramin gaɓa yake ƙwai, ɗaya a shuri, kukansu ma daban. Ko sunana bai ambata ba.

Baba ba ya jin Faransanci, amma ya juyo ya ce mini, "Ka ga amfanin karatu?" Na ce, "Na gani, Baba." Na tashi na bar tuwona a kwano.

Akwai na uku a wani tsibiri, mai farin wuya. Ya je ya nemo shi da Faransancinsa.