Ruwan Kuje da Fuskar Baba

Kuje, Abuja
12 ga Maris, 2007

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya su Kubra da yara? Ni lafiya lau, sai 'yar gajiya, kada ki sa komai a ranki.

Har yanzu ina wajen ogan nan mai hoto. Namu ba na inji ba ne. Magani muke shafa wa takarda, mu ɗora fim ɗin hoton a kai, mu shanya ta a rana, mu wanke, sai hoto ya fito shuɗi kamar daga marina. Wankin ne ya gagare ni. Ruwan burtsatsen Kuje kamar an jiƙa kanwa, har cikin butata ya yi fari fat. Sau tara ina buga hoton marigayi Baba da na yi miki alkawari, sau tara ina tsaye ruwan nan yana cinye shi. Hular takan rage, fuskar ta dushe. Oga ya ce takarda ɗaya ta rage min, daga ita ba ƙari.

Jiya na tuna kina cewa kanwa tana kashe tsami. Na ce bari in ga ko tsami zai rama. Na jiƙa ragowar tsamiyar kunun da kika ba ni, na tace, na gwada a guntun takarda. Inna, shuɗin ya zauna!

Sai dai tsamiyar ta ƙare. Don Allah ki ba direban motar da ke zuwa tashar Utako, nan Abuja, ƙulli ɗaya, daga bishiyar gidanmu. Na san akwai ta kasuwa. Amma wannan Baba ne ya dasa ta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Manniru