Jar Jif da Hular Ata

Burul eje, babbar yaya, don Allah ki taimake ni kafin kasuwar motoci ta Lahadi mai zuwa. Kaina ya kulle, kuma a garinmu babu wadda zan faɗa wa wannan magana ba ta riga ni isa gida ba. Na san filinki na rigimar cikin gida ne, ba na makanikai ba, to tawa rigimar tayoyi huɗu gare ta.

Ni kelin ce, matar autan gida, a wani ƙauye can gefen Narin. Kin san abin da hakan ke nufi: yayye duk sun kama gabansu, mu aka bari da tsoho. Uwar mijina ta rasu tun kafin a kawo ni. Sunan surukina ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuma zan fara a jarida ba, Ata, wato baba, nake ce masa. Mijina kuwa bari in kira shi Kubat. Ni ce mai shayi, ni ce mai wanki, ni ce mai rusunawa in Ata ya shigo, in sake rusunawa in zai fita, ko da bayan gida za shi.

Bana gwiwoyin Ata suka ƙi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sirdi, yanzu sai an ɗora shi kamar buhu. Da ya ga ba zai ƙara hawa doki zuwa makiyayarmu ta kan dutse ba, sai ya sayar da goɗiyoyinsa, ya damƙa wa Kubat kuɗin, ya ce a sayo jif mai jan ƙafa huɗu wadda za ta haye rafuka ta kai shi can idan ƙanƙara ta narke. Burinsa ke nan: ya zauna a ƙofar tanti ya sha nonon goɗiya, ko da na goɗiyar maƙwabci ne.

Motoci biyu muka ware a Bishkek, babban birni. Ɗaya doguwa ce, ruwan toka, ƙofa huɗu, da wurin taka ƙafa a gefe. Ba ta da wani fasali, kamar akwatin tufafin kakata. Ɗayar kuma ja ce, gajera, tayoyinta sun kai min ƙugu, fitilu jere a kanta. Mai ita na farko tseren duwatsu yake yi da ita, ya cire kujerun baya ya kakkafa ƙarafa a wurin. Kujera biyu kacal gare ta. Ina ganin kujeru biyun nan, eje, na ji zuciyata ta kwanta.

Bari in gaya miki dalili, kada ki ce min muguwa tun ba ki ji ba. Bara waccan cikina ya zube, ya riga ya fara motsi. Ranar da aka sallame ni daga asibiti, Ata ya biyo mu gari don ya sayi gishirin dabbobi da rago. Da motar haya ta zo, ko kallona bai yi ba, ya buɗe gidan gaba ya zauna, tunda babba ne. Ni aka cusa ni baya tsakanin buhunan gishiri da ragon. Kowane rami muka faɗa sai na ji kamar za a zare min hanji, jini bai ma tsaya ba. Ata yana gaba suna ta hirar tsadar ciyawa da direba. Kubat yana kusa da ni, ya ƙura wa taga ido har muka iso.

Wannan na haɗiye. Amma ranar da ya sayar da goɗiyoyin, baƙi sun cika ɗaki ina zuba musu shayi, wani ya tambaye shi wace ce ya fara rabuwa da ita. Sai ya ce, “Waɗanda ba sa haihuwa mana. Ai dabba da sauƙi, in ta ƙi haihuwa akwai kasuwarta.” Aka yi dariya. Shi kuma ya miƙo min kofinsa in ƙara masa, na kuwa ƙara. Kubat ya sunkuyar da kai yana kallon shayinsa kamar an jefa masa zobe a ciki.

To ni na kawo shawarar a tafi da Ata kasuwa ya gwada motocin da kansa, tunda guminsa ne. Kowa ya yaba da hankalina. Doguwar ya shige ta ba wahala, ya baje a gaba, har yana shafa kujera yana cewa wannan ta san girman mutane. Da muka zo kan jar, dillalin, wani saurayi mai haƙorin gwal, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Dattijo, wannan fa ba ta ku ba ce, ta yara ce.” Sai na sassauta murya, na ce da Kubat yadda Ata zai ji, “Ji min yaron nan. Ata da ya hore dawakan da suka gagari samari, mota ce za ta gagare shi?” Na san shi sarai. Ban rufe baki ba ya miƙa min sandarsa.

Ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa, ya sake ɗagawa. A na ukun ya kai ta bakin ƙofa, ya yunƙura, gwiwar ta ce ba da ita ba. Ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin caɓi. Farar hularsa, wadda ko a gida ba a ajiye ta ƙasa, wadda ko Kubat bai isa ya taɓa ba, ta gangara ƙarƙashin motar cikin laka da baƙin mai. Samarin kasuwa suka taru. Wani ya ce, “A kawo wa kaka tsani!” Wani ya ce tsani ba zai yi ba, sai dai injin ɗaga kaya. Ɗaya ya zaro waya yana ɗauka. Dillalin ne ya zaƙulo hular da sanda, ya miƙo ta a kan sandar kamar mataccen ɓera. Kubat a lokacin yana can ɗaya gefen ya tura kai cikin inji.

Ni kuwa na rufe baki da ɗankwali, kafaɗuna suna rawa, har wata mai sayar da burodi ta zo tana ba ni haƙuri. Dariya nake, eje. Har yau in na tuna sai in ji wani sanyi ya ratsa ni, kuma ba na jin na yi laifi. Shi ya taɓa tambayar yadda na ji a bayan mota?

Tun daga ranar hular tana kan akwati da busasshiyar lakarta, ba ya sawa, ba wanda ya taɓa. Bulalarsa ta hawa ya kyautar wa maƙwabci. Shayi ma yanzu da kansa yake zubawa, in na miƙa hannu sai ya janye butar. Shekaranjiya ya ce wa Kubat, ba tare da ya dube ni ba, “Ku sayi jar, kelin tana son ta. Dutse na gan shi ya ishe ni.” Shi kuma Kubat, wanda hoton jar ya cika masa waya tun kafin mu je kasuwa, sai ya juyo ya ce wai ni zan zaɓa.

Ga abin da nake so. Kowa ya san gajera mai tsayin ƙafa ta fi doguwa iya dutse da rafi. Ki rubuta hakan ɓaro-ɓaro, in yanke in nuna wa dangin mijina, kada a ce son zuciyata ne. Ashe bayan duk bautar nan ban cancanci kujera ɗaya a gidan gaba ba?

Kelin mai son gidan gaba, daga Narin

Ƙanwata,

Kafin komai, sannu da rashin da kika yi. Na karanta wasiƙarki daga farko har ƙarshe ina neman inda wani ya ce miki sannu, ban samu ba. Abin da aka yi miki a motar hayar nan zalunci ne, kuma babu al'adar da ta ce a cusa mace mai jinya tsakanin gishiri da rago. Maganar goɗiya kuwa, dattijo mai furfura ya san inda ya auna. Ban wanke shi ba.

Amma takardar da kike so ba zan rubuta ba. Gaskiya ne gajera ta fi iya hawa, na tambayi ƙanena da ya tsufa a kan hanyoyin dutse. Ya ce kuma motar da aka yi tsere da ita ta sha duka a inda ido ba ya gani, ga shan mai, ga babu inda za a sa murhu, garin burodi da sandunan tanti. Ku makiyaya za ku, ba gasa ba. Doguwar ma za ta kai ku, in makanikin da kuka yarda da shi ya leƙa ƙarƙashinta, ya tabbatar ƙafafu huɗun suna ja da gaske.

Abin da kika yi a kasuwa ba tsautsayi ba ne, ke kika shirya shi tun daga gida. Ya kunyata ki a gaban baƙin ɗaki ɗaya, kin kunyata shi a gaban kasuwa da wayoyinta. Kina ganin kin ci, to duba da kyau. Da ya ce a sayi jar saboda kelin tana so, kaya ya ɗora miki. Ranar da motar nan ta shigo ƙauye, kowa ya san goɗiyoyin wa aka sayar, kowa ya san wa ba ya iya shiga, kuma sunanki za a kira.

Yanzu sake karanta wasiƙarki ki nemo min mijinki. A mota yana kallon taga, a gaban baƙi yana kallon shayi, a kasuwa yana kallon inji. Jar motar shi ke son ta, ya bar ku ke da tsoho kuna cizon juna, shi zai tashi da makulli da suna mai kyau. Wa ma ya ce miki kujera ta biyun taki ce? Motar wasa da abokai ake wasa da ita. Za ki riƙa jin ruguginta daga nesa kina gida kina dafa wa Ata shayi. Akwai kuma abin da zan faɗa a hankali: mota mai kujera biyu ba ta da wurin jariri. Ban sani ba ko ba ki lura ba, ko kuwa kin lura shi ya sa zuciyarki ta kwanta. In na biyun ne, kada ki yanke wa kanki hukuncin da likita bai yanke ba.

Ga shawarata. Tunda an ce ki zaɓa, zaɓi doguwar, amma da sharaɗi. Gidan gaba kujera biyu ne. Al'ada ta ba babba ɗaya, ba ta ce komai a kan mai sitiyari ba. Ki ce wa Kubat za ki koyi tuƙi ki yi lasisi, ki kuma zaunar da shi ki gaya masa ranar gishiri da rago tiryan-tiryan, yana kallon idonki ba taga ba.

Sai hular. Ɗauko ta yau, ki kankare lakar, ki wanke da ruwan sanyi, ki ajiye masa inda ya saba samunta. Ba lallai ya gode ba, mai yiwuwa ma ya ƙi shiga motar a karon farko. Ki daure, amma kada ki ja lokaci. Tsohon da ya kyautar da bulalarsa ba ya lissafin baɗi. In ya tafi bai ga dutsen nan ba, samarin kasuwa za su manta, Kubat zai manta, dariyar nan ke kaɗai za a bar wa, kuma ba za ta ƙara yi miki sanyi ba.

Ina so wasiƙarki ta gaba ta zo min daga makiyaya: ke a kan sitiyari, Ata a gefenki da hularsa a ka, ya riƙe ƙofa gam duk lokacin da kika nufi rafi, rayuwarsa a hannun kelin ɗin da ya kwatanta da goɗiya. Kubat kuwa ku sa shi baya da buhunan gishiri. In da rago, a haɗa masa.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya kai ku dutse lafiya ku dukanku.

Burul eje