Mala'ikan Bana da Kawu Yaji

Lahadi, 1 ga Disamba, 2024

A rubuta domin 'yan baya su sani: yau bayan sujada kwamitin matasan ikilisiyarmu ya zauna a gindin dalbejiya, ya auna cancanta, ya duba kwarjini, sannan ya naɗa ni, Irmiya Saleh, direban keke napep na unguwar Dogo Tebo, a matsayin Mala'ikan Bana. Gaskiya ne ni kaɗai na ɗaga hannu. Wannan bai rage wa zaɓen daraja ba.

Ga wanda zai tsinci littafin nan bayan na yi suna, ga bayani. Kowace Lahadin ƙarshen shekara muna yin wasan Ranar Shari'a a coci. Mala'ika zai busa ƙaho, ya bi benci-benci yana ware jama'a, tumaki dama, awaki hagu, yana shelar laifin kowa. Laifin raha ne. Mama Bilhatu shekara shida ke nan tana zuwa hagu saboda gyangyaɗi lokacin wa'azi, har sabon zani take ɗaurawa domin ranar. A ƙarshe Fasto Babaji zai miƙe ya ce ranar gaskiyar ba ta zo ba tukuna, ƙofar ceto a buɗe take, kowa ya koma mazauninsa. An fara wasan ne shekarar da aka dawo daga gudun hijira bayan tashin hankali, mutum goma sha tara cikin coci marar rufi, don a samu abin dariya.

Na kai wa Mama, mahaifiyata, albishir. Ta ce, "Allah ya sa bakin nan naka ya yi amfani ko sau ɗaya."

Laraba, 4 ga Disamba

Na ziyarci Kasuwar Shanu a hukumance domin neman ƙaho. Maƙwabcinmu Malam Joda, dillalin shanu, ya sa mahauta sun zaɓo mini wani mai tsawon hannuna. Da na bayyana masa manufa, ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe ku ma da busa ƙaho a wajenku? To ka busa a hankali, ɗana, ban gama shiri ba."

Na gwada a bayan gida. Ƙarar da ta fito ba ta ta da matattu ba, amma kajin Mama sun tuba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Man fetur ya sake tashi. In aka ci gaba haka zai riga mu shiga sama.

Talata, 10 ga Disamba

Yau alƙalamina ya yi nauyi.

Da hantsi na ɗauki wani dattijo a tasha, siriri, da jakar buhu ɗaya. Ya ce in kai shi Dogo Tebo, gidan Saleh tela. Na sanar da shi cikin ladabi cewa Saleh tela ya tafi gaban Ubangiji shekara uku da suka wuce, kuma ɗansa ne ke tuƙa shi. Sai na ga ta madubi ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Haka muka isa ƙofar gida.

Mama ta fito da tsintsiya a hannu. Ta tsaya. Ta ce, "Yaya Yaji."

Kawu Yaji ke nan, yayan Mama, wanda na fi sanin sunansa da fuskarsa. Shekarar tashin hankali ina da shekara tara. Shi kaɗai ne mai mota a danginmu. Ya kwashe iyalinsa da kayansa da safe, ya ce mu ɗaure namu mu jira, zai dawo kafin la'asar. Mun zauna a kan ƙullin kaya har rana ta faɗi. Malam Joda ne ya shigar da mu rumfar maruƙansa, kwana uku muna nan, matarsa na miƙo mana fura ta saman zana. Kawu bai dawo ba, bai aiko ba. Baba ya rasu bai sake ambatar sunansa ba.

Kuma me Mama ta yi? Ta ɗora ruwan wanka.

Alhamis, 12 ga Disamba

An ba shi ɗakin Baba. An ba shi kwanon Baba. Na shigar da ƙorafi gaban hukumar gidan nan, wato Mama, tana tankaɗe. Ta ce, "Shekara goma sha biyu ina shirya maganar da zan gaya masa. Da na gan shi, sai na ga fuskar babanmu, kuma da yunwa ya zo."

Na ce adalci fa? Ta ce in miƙo mata rariya.

Matar Kawu ta rasu a Jos, 'ya'yan sun watse neman abinci. Na ji wannan ta taga. Ban tausaya ba. A rubuta cewa ban tausaya ba.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ya bi mu coci, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Tsofaffin da suka san labarin sun gaishe shi da yatsa biyu. Fasto ya yi wa'azi a kan bege: ya ce masara ta yi tsada, magani ya yi tsada, amma Yesu Almasihu bai ƙara wa ceto farashi ba. An yi tafi. Mama Bilhatu ta farka ta taya.

Ni kuwa a nan wahayi ya sauko mini. Ranar ashirin da tara ƙaho na hannuna, jama'a na gabana. Zan isa bencin ƙarshe, in kira Yaji da cikakken suna, in faɗi laifinsa na gaskiya a gaban ikilisiya duka, in nuna masa hagu. Abin da Baba bai faɗa ba, Mala'ika zai faɗa.

Talata, 17 ga Disamba

Na tsara jawabin hukunci. Yana da gabatarwa, da jiki, da kalmar "alhali" sau huɗu. Na karanta wa madubin keke, madubin ya girgiza.

Asabar, 21 ga Disamba

Gwaji a coci. Fukafukaina na kwalin taliya ne, an shafa musu farar ƙasa. Na dama ya fi na hagu tsawo, abin da na ɗauka a matsayin alama ta tauhidi. Fasto ya duba jerin awakin bana: mai zuwa a makare, mai rera waƙa gaba da ganga, ma'ajin da wayarsa ke kuka lokacin addu'a. Ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, Irmiya? Babu ƙari?" Na ce babu, ranka ya daɗe.

Mala'ika ya yi ƙarya a cikin coci. Za a duba wannan daga baya.

Litinin, 23 ga Disamba

Keke ya ƙi tashi da safe. Na yi masa nasiha, na yi masa barazana. Sai ga Kawu ya fito, ya durƙusa ba tare da an gayyace shi ba, ya kwance wani abu, ya hura, ya mayar. Keke ya tashi kamar bai taɓa saɓo ba.

Yana goge hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Na dawo ranar, ka sani. Na iso har shingen bakin gari. Na hango hayaƙi, sai na juya." Na hau kujerar keke. Ya ce, "Ba motar ce ta lalace ba, ba hana ni aka yi ba. Tsoro ne kawai. Daga baya kuma kunya."

Na so ya kawo uzuri. Na tanadi amsar kowane uzuri. Wannan ban tanadar masa komai ba, sai na ce fasinja na jira.

Laraba, 25 ga Disamba

Kirsimeti. Shinkafa da kaza ɗaya, wadda aka raba bisa ilimin lissafi mai zurfi. Na kai wa gidan Malam Joda kwanonsu kamar kowace shekara, ya tambaya ko an ɗaga ranar busa ƙahon. 'Yan Zumuntar Mata na coci sun yi rawa har ƙasa ta amsa.

Da yamma Mama ta tsinci takardar jawabina a aljihun wando. Ta karanta, ta ninke, ta mayar mini. Ta ce, "Hausarka ta yi kyau. Mai shari'a yana nan tafe, Irmiya, kuma ba kai ba ne."

Ba ta hana ni ba. Da ta hana ni da ya fi sauƙi.

Asabar, 28 ga Disamba

Gobe. Na goge farar riga. Ban ci tuwo sosai ba, saboda mala'iku ba sa cika ciki.

Lahadi, 29 ga Disamba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Coci ya cika har taga. Na busa ƙaho, jarirai uku suka amsa. Na tura Mama Bilhatu hagu, ta tafi tana rangwaɗa cikin sabon zani. Na tura ma'aji, wayarsa ta yi kuka a hanya, mutane suka riƙe ciki. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na yau ba. Ina tafe benci-benci, takardar na cikin hannun rigata, har ya rage saura biyu.

Kafin in isa, Kawu ya miƙe da kansa. Ban kira shi ba. Ya ajiye hularsa a benci, ya bi ta tsakiyar coci a hankali, ya wuce ni, ya je ya tsaya a hagu, bayan Mama Bilhatu, ya sunkuyar da kai.

Dariyar ta mutu. Kowane babba a ɗakin ya san ba wasa yake ba. Na dubi Fasto, Fasto na dubana. Na dubi Mama, ta rufe baki da gefen mayafi.

Ga shi a inda na yi mako biyu ina son ganinsa. Kuma abin ba kyan gani. Wani tsoho ne kawai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ɗaga ƙaho na ce, da muryar da na tanada domin jawabin, "Tsaya! Wane ne wannan da ke yanke wa kansa hukunci alhali Mala'ika na bakin aiki? Ba a taɓa yin haka ba a tarihin sama! Malam, sunanka ba ya cikin awakin bana. Fito!"

Bai motsa ba. Sai na je na kamo hannunsa. Na ja shi, fiffikena na dama ya maƙale a jikin ganga ya yage, wani yaro ya ƙyalƙyale, daga nan coci ya fashe da dariya da tafi, har da masu share ido. Ban kai shi dama ba, wannan ba hurumina ba ne. Na kai shi bencin Mama na zaunar da shi. Ta matsa ta ba shi wuri.

Fasto ya miƙe domin jawabinsa na kowace shekara, ya buɗe baki, ya rufe, ya ce a yi waƙa kawai.

Litinin, 30 ga Disamba

Domin kada tarihi ya yi mini mummunar fahimta: abin da na yi jiya kare martabar ofis ne. Ba za a bar kowa ya riƙa tura kansa hagu yadda ya ga dama ba, in ba haka ba tsari ya rushe. Ban ce na yafe ba. Ban ce komai ba.

Takardar jawabin, Mama ta nemi abin hura wuta da safe, kuma ita ce mafi kusa.

Ɗazu Kawu ya same ni ina wanke keke, ya tsaya jim, ya ce, "Irmiya, ko za ka kwatanta mini inda aka binne Saleh?" Na ce kwatance ba zai yi ba, an yi sababbin gine-gine a hanyar, zai ɓata.

Gobe da ƙarfe bakwai zan kai shi. Na ce ya zauna a gaba kusa da ni, saboda kujerar baya tana da ƙura.