Kafaɗar Yaya Wardell

Sansanin horo, Wisconsin
Ƙarshen Yuli, 1986

Gwaggo Verna,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi. Mu dai lafiya, sai gajiya. Safe da yamma muna filin ƙwallon Amurka, wadda ake cafewa da hannu, hular kwano a ka, gumi har cikin takalmi. Abincinsu ba gishiri ba barkono. Jiya sun ba mu wani abu wai shinkafa da jan wake ne, Yaya Wardell ya ce da kin gani da kin kira musu 'yan sanda.

Ɗaki ɗaya aka ba mu. Kowa ya san ɗan gwaggona ne, kuma shi ya roƙa aka kira ni gwaji, don haka "jelar Wardell" suke ce mini. Masu tsaron gefe irina mun yi yawa, rabinmu za a sallama kafin a fara kakar wasa. Shi ma Yaya ba a kwance hankalinsa yake ba. Sun kawo samari masu cafe ƙwallo, ga gudu ga tsalle, shi kuwa ya fara tsufa a wasan.

Abin da ban so ba, kullum da shi ake haɗa ni: shi ya ruga ya cafe, ni in hana. Yana wuce ni yana dariya, yana cewa, "Auta, waiwayo, ina nan bayanka."

Akwai abin da ya ce kar in gaya miki. Ciwon faɗowar da ya yi daga rufin ɗakinki bai warke ba. Kafaɗarsa ta hagu ba ta ɗaguwa da safe, ni nake sa masa riga. Likitan ƙungiya bai sani ba, in ya sani kuwa aikin Yaya ya ƙare. A fili yana daurewa, ba mai ganewa.

Ki sa mu a addu'a.
Ɗanki, Alcide

*

Opelousas, Louisiana
Farkon Agusta

Ɗana Alcide,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da kuke lafiya. Ƙafa da sauƙi, kai ne dai ka hana ni barci da labarin nan. Sau nawa na ce masa a kira kafinta? Ya ce shi da ransa wani ba zai hau rufin uwarsa ba. Taurin kai irin na ubansa.

Ban gaya wa matarsa ba. Delphine ta yi nauyi, ko takalmi ba ta iya ɗaurawa, ba zan ƙara mata ba. Aikin nan shi ne abincinsu, ka sani.

Tun da uwarka ta rasu na ɗauko ka, ban taɓa raba ku ba, ko a gado ko a kwano. Yanzu kai kaɗai ne nasa a wurin. Ka zama masa hannun hagu. In kun haɗu a fili ka yi aikinka, ban ce ka ƙi ba, amma ka san inda za ka taɓa.

Na sa Fada ya ambace ku a coci. Ka riƙa cin abincin ko ba daɗi.

Gwaggonka, Verna

*

Sansanin horo
Tsakiyar Agusta

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan a gurguje ce.

An sallami kashin farko, ni da Yaya mun tsira. Amma jiya Koci Lindahl, mai kula da masu tsaro, ya kunna fim ɗin atisaye gaban kowa. Ya tsayar da shi daidai inda Yaya ya wuce ni, ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Guillory, wannan tsaro ne ko rakiya? In ɗan'uwanka ka zo raka, na ji, sai ka raka shi daga gida." Ɗakin ya fashe da dariya. Daga baya ya tare ni a ƙofa ya ce wuri ɗaya ya rage, mu uku ke nema, kuma ni ne na baya.

Ranar Asabar za mu yi wasan gwaji tsakaninmu. Daga nan za a yanke.

Na ji abin da kika ce.
Alcide

*

Opelousas
Ƙarshen Agusta

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka barka. Wardell ya iso da hannu a rataye, shi ya kawo mini labarin an ɗauke ka. Na rasa kuka zan yi ko dariya, sai na yi duka biyun a kan tukunyar miya.

Ya ce tsalle ya yi ya faɗo a kan kafaɗar, ƙasa ta yi tauri, ba laifin kowa. Ya ce kai ka fara isa kansa, kai ka haɗa masa kaya, ka riƙe masa jaka har tashar mota. Na ce ai na san ɗan da na raina. Ranar Lahadi na tashi a coci na faɗa wa kowa, har Madam Thibodeaux da ba ta yabon ɗan wani ta ce in gaishe ka.

Za a yi masa aiki a kafaɗar wata mai zuwa. Ba ya yawan magana, yana zaune a baranda yana kallon titi. Na san kunyar dawowa gida ce, za ta wuce.

Amma kai me ya same ka? Ko layi ɗaya ba ka rubuto ba, na kira wayar masaukinku an ce ba ka nan. Ko an zama manya? Ga alewar gyaɗar pekan nan na aiko, kar ka raba wa ƙattin nan duka.

Allah ya yi maka albarka yadda ka riƙe ɗan'uwanka.
Gwaggonka

*

Farkon Satumba

Yaya Wardell,

Ina gaishe ka, ya jiki? Ya Delphine?

Wasiƙar Gwaggo ta zo. Na karanta ta a tsaye, na kasa zama. Me ya sa ka gaya mata haka?

Kai ka san abin da ya faru, amma ina so ka san ni ma na sani. Tun farkon wasan, duk lokacin da muka tsaya fuska da fuska a layi, a kafaɗar hagu nake tura ka. Ka dube ni ta cikin hular ka ce, "Auta, me kake yi?" Na kau da ido. Da ƙwallon nan ta taso sama ka miƙa hannu, ina da lokacin da zan kaɗe ta, ko in kama ka a ƙugu. Na ga kafaɗar a buɗe, na sa kai na kai mata karo. Na ji ƙarar a cikin hulata.

Ban isa kanka ba. Ina tsaye ana bubbuga mini baya, Koci yana cewa haka yake so. Da yamma kuma a ɗakin cin abinci na zauna har aka share teburi, don kar in tarar da kai kana haɗa kaya da hannu ɗaya. Ta taga na hango ka kana jan jakar.

An ba ni riga mai sunana. In na sa ta sai in ji kowa yana kallona, alhali ba wanda ya san komai. Yaran nan sun daina ce mini jela, yanzu girmama ni suke yi, wannan ya fi zagin ciwo. Alewar tana nan ban buɗe ba.

Ina so in rubuta wa Gwaggo gaskiya. Ba zan iya barinta tana yabona a coci ba. Amma ba zan yi ba sai ka ce.

Ƙanenka, Alcide

*

Opelousas
Satumba

Alcide,

Na ga saƙonka. Jiki da sauƙi. Delphine ta sauka, mace.

Dokar wasa ba ta hana abin da ka yi ba. Da wani ne, da na ce ya iya aikinsa. Amma wani bai san inda zai sa kai ba.

Kar ka gaya wa Mama. Ba don kai ba ne. In nauyi ya dame ka, ka ɗauka, kar ka sauke mata. Ka rubuta mata yadda ka saba, ka kuma riƙe wurin nan da kyau, don ya yi tsada.

Ka zo Kirsimeti, in ba ka zo ba za ta tambaya. Za mu zauna teburi ɗaya. Abin da ya wuce haka ban sani ba tukuna.

Wardell