Kyautar Baba Za Ta Mayar Da Mijina Kurkuku

Inna Verna, don Allah ki taimake ni.

Mijina, bari in kira shi Royce, ya yi zaman gidan yari yana saurayi, kafin mu haɗu. Motocin mutane suka riƙa sacewa shi da abokan banza. Ya gama wa'adinsa, ya shiryu, yau shi ke kai wa shanun mahaifina ciyawa cikin dusar ƙanƙara. Ni na san tarihinsa tun kafin aure, Baba ne bai sani ba. Muka ce za mu faɗa masa, aka yi ta gobe-gobe har muka haifi yara biyu.

Kin san mai irin wannan laifi doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi. Abin da lauya ya ce masa ya halatta a nan shi ne libarba, ƙaramar bindiga irin ta kakanni, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma rami-rami. Ita ya saya, da ita yake zuwa wasan harbin ƙungiyar su Baba ranar Asabar, inda tsofaffi ke sa malafa suna harbin farantan ƙarfe. Kowa ya gama ya koma shan kofi, Royce na can yana ɗuri, hannu baƙi ƙirin. Baba ya yi ta tsokanarsa: "Kai yaro, in kyarkeci ya faɗo garke sai ka ce masa ya dakata ka gama awo?" Shi dai dariya yake yi, ya ce hayaƙin ne ke burge shi.

Ana gab da Kirsimeti Baba ya ce in ɗauko masa bindigar a ɓoye, wai zai sa a ɗinka mata kube. Ni da wautata na miƙa masa. Ashe wurin maƙerin bindiga ya kai ta, aka sauya gangarta mai juyawa, aka yanke jikinta ta koma cin harsashin zamani. Ta zama irin wadda doka ta hana Royce, kuma ba ta komawa yadda take.

Ranar Kirsimeti muna kan tebur, ga naman barewa, ga dangi, Baba ya tura wa Royce akwati yana washe baki, ya ce, "Buɗe mana, ka huta da wankin hannu!" Inna, ga bindiga, ga kwalin harsashi, kuma an zana a jikin ƙarfen: Ga ɗana Royce. Tun da muka yi aure Baba bai taɓa kiransa ɗana ba. Na kalli mijina, fuskarsa ta yi fari fat. Ko taɓa ta bai yi ba, ya miƙe ya fice.

Sai daga baya na ji Baba ya riga ya sa hotonta a shafin ƙungiya na intanet, sunan a fili, alhali cikin 'yan ƙungiyar akwai ɗan sanda. Yanzu Baba ya daina yi mana magana, yana cewa an raina kyautarsa. Royce ya ce gara ya koma kurkuku da ya ga idon Baba ranar da zai ji shi tsohon ɓarawo ne. Akwatin yana bayan motata. In jefa shi rafi? Ko in ce wa Baba an sace?

'Yar Makiyayi, Wyoming

*

'Yata, na karanta wasiƙarki sai da na ajiye tabarau na riƙe baki. Amma kaɗuwa ta isa haka, a tashi a yi aiki.

Kada ki jefa komai a rafi, kuma kada ki ce an sace. Bindiga ce mai sunan mijinki, hotonta na yawo. Ƙarya a kanta sabuwar matsala ce. Ni ba lauya ba ce, dokar kuma takan bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ki kira lauya yau, ki faɗa masa komai har maganar hoton, ki bi abin da ya ce game da akwatin. Kafin nan Royce ya yi nesa da motar, kada makullinta ma ya shiga hannunsa. Ƙin taɓa ta da ya yi shi ne abu mafi hankali da aka yi a wannan tebur.

Mahaifinki bai yi laifi ba. Tsoho ne da bakinsa bai iya cewa ina ƙaunarka ba, sai ya sa aka zana a ƙarfe, aka tashi aka bar shi da akwati a gaban dangi. Dole ya ji ciwo. Tsoron Royce ma na gane shi, ya daɗe yana gina mutuncinsa a gidan nan. Sai dai ku biyun ne kuka bar dattijo cikin duhu har ya yi wa surukinsa illa da hannunsa yana murna.

Royce ne zai faɗa masa, ba ke ba, kuma cikin makon nan. Ki raka shi, ki yi shiru. Mahaifinki zai iya yin faɗa, zai iya daɗewa bai huce ba, ba zan yi miki alkawarin komai ba. Amma ki gaya wa mijinki in ji ni: maganar gara kurkuku ba tasa ba ce shi kaɗai, yana da 'ya'ya biyu. Fushin suruki ana zaune a gida ake jiran ya wuce. In kuwa 'yan sanda suka riga ku, Baba zai ji labarin duk da haka, a tsakar gidansa, yana kallon ana saka uban jikokinsa a mota saboda kyautar da ya ba shi. Kada ku yi wa tsohon nan haka.

Allah Ya ba Royce ƙarfin zuciya, Ya sanyaya ta mahaifinki.

Inna Verna