Daga Ɗakin Gashin Kobal, Zuwa Ga Ummuhani

Ikko, 1984

Ya Ummuhani, farar kurciyar Shinkafi, inuwar tsamiya a tsakar bazara, ruwan gulbi a maƙoshin matafiyi, ina gaishe ki da ɗan ƙarfin da ya rage mini.

Kin ce kada in ɓoye miki komai. To, ga gaskiya. Kullum sai a kwantar da ni ƙarƙashin wata ƙatuwar na'ura, kowa ya fice, a turo ƙofa mai kauri. A cikinta akwai ɗan guntun ƙarfe, kobal, bai kai kan yatsanki ba. Da can ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe. Mutane ne suka saka shi a murhun nukiliya har cibiyar ƙwayoyin zarrarsa ta kasa zama lafiya. Tun daga nan suke rushewa ɗaya bayan ɗaya, suna fitar da hasken da ido ba ya gani. Da shi ake gasa ciwon dajin da ke wuyana. Duk shekara biyar da 'yan watanni rabin ƙarfinsa yake tafiya, babu mai iya tsayar da shi.

Na sha zana wannan a allo ina koya wa ɗalibaina a Ƙaura. Ina na san ni za a kwantar a ƙarƙashinsa?

Kin tuna ranar da kika rako ni tashar jirgin ƙasa tare da yayanki Tambari? Kanki a sunkuye, kina murza bakin mayafi, kika ce, "Malam, ka dawo kafin kaka." An yanke gero, an kai dawa rumbu, ni ko ina nan. Jiya likita ya zauna a bakin gadona, ya ce ciwon ya shiga ƙashi, gashi ba zai ƙara amfani ba.

Ya hasken idona, da wane baki zan ce ki jira? Na aika wa Baffa Na'ibi ya je wurin mahaifinki ya warware alkawarinmu. Kada ki yi fushi da shi. Ni na roƙe shi, ina kuka.

Abu ɗaya nake nema. Za a kawo ni gida a jirgin mako mai zuwa. Ki roƙi Inna ta bar ki ki zo Ƙaura, tun ina iya gane muryarki.

Ban taɓa son wata ba, ba kuma zan so ba har a rufe ni.

Naki har gaban Allah,
Dikko